Chiwetel Ejiofor: Jarumin da Dandamali Ya Rena Kafin Kyamara Ta San Shi

A daren 16 ga Fabrairu, 2014, a zauren Royal Opera House da ke Landan, mutum biyar ne suka fafata a kan kyautar BAFTA ta gwarzon ɗan wasan fim. Huɗu daga cikinsu manya ne da duniya ta daɗe da sani: Leonardo DiCaprio, Tom Hanks, Christian Bale da dattijo Bruce Dern. Da aka buɗe ambulan, sai aka kira na biyar ɗin, Chiwetel Ejiofor, saboda rawar da ya taka a fim ɗin 12 Years a Slave. Masu kallo da dama a Amurka da sauran ƙasashe sun ɗauka sabuwar fuska ce ta ɓullo. Mutanen Landan masu zuwa kallon wasan kwaikwayo kuwa sun san ba haka ba ne. A lokacin ya kusa shekara ashirin yana sana'ar, kuma mafi yawan abin da ya iya, a kan dandamali ya koye shi, gaban mutane ido da ido, inda ba a tsayar da wasa a ce a sake.

Wanda ya bi ayyukansa a jere zai lura da abu guda. Ejiofor ba jarumin hayaniya ba ne. Sau da yawa akan ba shi rol ɗin mutum mai ilimi da mutunci wanda duniya ta matse, wanda dole ya haɗiye abin da ke ransa don ya tsira. Gwanintarsa ita ce ya sa mai kallo ya ga abin da aka haɗiye ɗin.

Daga Forest Gate zuwa Dulwich

An haife shi ranar 10 ga Yuli, 1977, a unguwar Forest Gate da ke gabashin Landan. Iyayensa 'yan ƙabilar Ibo ne da suka koma Ingila a sanadin yaƙin basasar Nijeriya. Mahaifinsa likita ne, mahaifiyarsa kuma mai haɗa magunguna. A 1988, yana ɗan shekara 11, iyalin suka zo Nijeriya bikin aure. Shi da mahaifinsa suna kan hanyar Legas sai motarsu ta yi taho-mu-gama da wata babbar mota. Uban ya rasu, yaron ya tsira da munanan raunuka. Tabon da ake gani a goshinsa a kowane fim, na wannan ranar ne. Uwar ce ta ci gaba da renon 'ya'yanta ita kaɗai, daga cikinsu har da Zain Asher, wadda ta zama mai gabatar da labarai a tashar CNN.

Makarantar da aka sa shi, Dulwich College, tana da tarihin da ya dace da abin da zai zama. Edward Alleyn, ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan zamanin Shakespeare, shi ya kafa ta a 1619. A nan Ejiofor ya fara hawa dandamali. Daga nan ya shiga National Youth Theatre, ƙungiyar da aka kafa a 1956 don horar da matasa, wadda ta yaye irin su Helen Mirren da Daniel Craig. A 1995, yana shekara 18, ƙungiyar ta ba shi rol ɗin Othello. Sai kuma ya samu gurbi a LAMDA, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun koyon wasa a Birtaniya.

Aikinsa na farko a gaban kyamara labarin Afirka ta Yamma ne. Deadly Voyage, fim ɗin talabijin na 1996, ya ba da labarin gaskiya na wasu samari da suka ɓuya a cikin jirgin ruwan dakon kaya a tashar Takoradi ta Ghana a 1992, da niyyar shiga Turai. Ma'aikatan jirgin suka gano su, suka kashe su a tsakiyar teku, mutum ɗaya kawai ya tsira ya ba da labari. Ejiofor ya fito a matsayin ɗaya daga cikin samarin.

Bai kammala LAMDA ba, don Steven Spielberg ya ɗauke shi a fim ɗin Amistad na 1997, labarin bayi 'yan ƙabilar Mende da suka ƙwace jirgin da ke ɗauke da su a 1839, shari'arsu ta kai har Kotun Ƙolin Amurka. Shi ne James Covey, tafintan da ya tsaya tsakanin fursunonin da lauyoyinsu. Yaro ɗan shekara 19 ya tsinci kansa a wurin ɗaukar fim tare da Anthony Hopkins da Morgan Freeman. Wani da ya samu wannan ƙofa sai ya tare a Hollywood. Shi kuwa ya koma Landan, ya koma dandamali.

Makarantar dandamali

Sai an san yadda wasan dandamali yake a Birtaniya kafin a gane abin da wannan komawa ta ba shi. Akan yi makonni ana bitar wasa ɗaya a ɗaki, layi bayan layi. Idan aka buɗe, akan yi shi har sau takwas a mako, wata da watanni. Babu kyamarar da za ta matso ta nuna hawaye, babu mai tace hoto da zai yanke kuskure. Dole muryar ɗan wasa ta kai kujerar ƙarshe, dole kuma ya riƙe hankalin jama'a ko a lokacin da ba shi ke magana ba. Manyan gidaje irin su National Theatre suna samun tallafin gwamnati, shi ya sa suke iya gwada sabon marubuci da sabon ɗan wasa ba tare da fargabar asara ta hana su ba.

A National Theatre ɗin ne, a shekarar 2000, ya fito a Blue/Orange na Joe Penhall. Mutum uku ne kacal a wasan: likitocin ƙwaƙwalwa biyu, waɗanda Bill Nighy da Andrew Lincoln suka fito a matsayinsu, da majinyaci baƙar fata mai suna Christopher. Christopher ya dage cewa shi ɗan Idi Amin ne, kuma lemon da ke gabansa shuɗi ne. Likitocin suna ta gardama a kan a sallame shi ko a riƙe shi, kowanne da son zuciyarsa, shi kuma yana tsakiya, yau ya ba ka dariya, anjima ya ba ka tsoro, har mai kallo ya rasa wane ne mai lafiya a ɗakin. Jaridar Evening Standard ta ba shi kyautar fitaccen sabon ɗan wasa na shekarar.

Ƙololuwar wannan zango ta zo a ƙarshen 2007, lokacin da darakta Michael Grandage ya sa shi Othello a Donmar Warehouse, ƙaramin gida mai kujeru 251. Ewan McGregor ne Iago, Kelly Reilly ce Desdemona, Tom Hiddleston kuma, wanda ba a san shi ba tukuna, shi ne Cassio. Tikiti ya ƙare nan da nan, 'yan bayan fage suka riƙa sayar da shi da tsadar gaske.

Labarin Othello sananne ne: janar ɗan asalin Afirka da ke yi wa birnin Venis yaƙi, ya auri Desdemona, 'yar wani babba, sai amininsa Iago ya riƙa zuba masa zargi a kunne, da hujjar hankici guda, har ya kashe matar da hannunsa. Amma rol ɗin yana da nasa tarihin a Ingila. Ɗaruruwan shekaru Turawa ne ke shafa baƙi a fuska su hau. Ira Aldridge, baƙar fata, ya yi shi a Covent Garden a 1833, jaridu suka yi masa ca. Paul Robeson, shi ma baƙar fata, ya yi shi a Landan a 1930. Duk da haka Laurence Olivier ya shafa baƙi ya yi shi a 1964, Anthony Hopkins ma ya yi wa BBC a 1981. Ejiofor ya ɗauki rol ɗin da natsuwa da murya mai nauyi, ya nuna mutumin da ya gina kansa a kan mutunci, don haka rushewarsa ta fi ciwo. A 2008 ya karɓi babbar kyautar dandamalin Landan ta gwarzon ɗan wasa, kyautar da ke ɗauke da sunan Olivier ɗin nan. A shekarar ce kuma Sarauniya ta ba shi lambar OBE, aka ɗaga ta zuwa CBE a 2015.

Likitan da ke gadin otal

Fim ɗin da ya fara nuna abin da zai iya a gaban kyamara shi ne Dirty Pretty Things na Stephen Frears, wanda ya fito a 2002. Okwe likita ne daga Nijeriya da ke zaune a Landan ba takarda. Da rana yana tuƙa tasi, da dare yana zama a teburin karɓar baƙi na wani otal, yana tauna wani ganye don kada barci ya ɗauke shi. Yana kwana a kan kujerar falon wata 'yar Turkiyya mai suna Senay, wadda Audrey Tautou ta fito a matsayinta, su biyun kowa na tsoron jami'an shige da fice.

Wata rana cikin dare aka ce masa ban ɗakin wani ɗaki ya toshe. Ya hau, ya durƙusa, ya zura ƙarfe yana tonowa, ruwan ya fara sauya launi. Abin da ya fito zuciyar mutum ce. Wani ɗan wasan zai yi ihu ko ya ja da baya. Ejiofor ya tsaya yana kallonta da idon wanda ya san abin da yake gani, likita ne, sannan a hankali wani tunanin ya sauko masa a fuska: ba shi da ikon kiran 'yan sanda, domin tambayar farko da za su yi ita ce ina takardarsa. Ba a faɗi wannan da baki ba, amma mai kallo ya karanta. Daga baya ya gano manajan otal ɗin yana karɓar ƙodar baƙin haure yana ba su fasfo na bogi. Rol ɗin ya kawo masa kyautar gwarzon ɗan wasa ta finafinan Birtaniya masu zaman kansu.

Daga nan aiki ya buɗe. Ya fito a Love Actually a 2003. A 2005 ya yi abubuwa biyu da ba su yi kama da juna ba: makashin gwamnati mai ladabi da sanyin murya a Serenity, da mawaƙi mai shigar mata da ya ceto masana'antar takalma a Kinky Boots. Ya yi aiki da Denzel Washington sau biyu, abokin aikinsa ɗan sanda a Inside Man na Spike Lee a 2006, da ƙaninsa a American Gangster na Ridley Scott a 2007. A Children of Men na 2006 ya fito a matsayin ɗan tawayen da ya ci amanar shugabarsa.

Talabijin da siyasar Afirka

Talabijin ya ba shi abin da fim ba ya bayarwa, wato lokaci. A Endgame na 2009 ya fito a matsayin Thabo Mbeki, a lokacin tattaunawar sirri da aka yi a wani gidan ƙauye a Somerset tsakanin jam'iyyar ANC da wasu manyan fararen fatar Afirka ta Kudu, kafin a saki Nelson Mandela. Fim ne na zama a teburi, kuma ya nuna Mbeki a matsayin mutum mai auna kowace kalma. A 2011 BBC ta nuna The Shadow Line, shiri mai kashi bakwai, inda ya zama ɗan sandan da harsashi ya maƙale a kansa, ya manta abin da ya faru, har yana shakkar ko shi kansa mutumin kirki ne. A Dancing on the Edge na 2013 shi ne shugaban ƙungiyar makaɗa baƙaƙen fata a Landan ta shekarun 1930, wadda masu sarauta suka rungume ta, sannan suka juya mata baya da zarar an yi kisa.

A 2013 ɗin dai ya koma dandamali a Young Vic, ya fito a matsayin Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko da aka kashe a Janairun 1961, a wasan da Aimé Césaire ya rubuta. Shekarar ce kuma aka fara nuna Half of a Yellow Sun, wanda Biyi Bandele ya ɗauka a Kalaba daga littafin Chimamanda Ngozi Adichie. Ejiofor ne Odenigbo, malamin jami'a mai zafin ra'ayi a Nsukka, tare da Thandiwe Newton, Genevieve Nnaji da Onyeka Onwenu. Fim ɗin ya taɓo shekarar 1966, wadda ta fara da juyin mulkin da aka kashe Sardauna da Tafawa Balewa, ta ƙare da kashe-kashen Ibo a Arewa, har da fitowar da aka nuna a filin jirgin saman Kano. Daga ɓangaren iyalan Biyafara yake kallon tarihin, kuma wannan ne tarihin da ya kai iyayen jarumin Ingila. Hukumar tace finafinai ta ƙasa ta jinkirta sakinsa daga Afrilun 2014, sai a watan Agusta aka nuna shi a sinimomin Nijeriya.

Shekara goma sha biyu

Solomon Northup ɗa ne, ba bawa ba. Mai goge ne da ke zaune da iyalinsa a Saratoga Springs a jihar New York. A 1841 wasu suka yaudare shi zuwa Washington da sunan aiki, suka sayar da shi, aka sauya masa suna zuwa Platt, aka kai shi gonakin Louisiana. Bai dawo gida ba sai 1853, shekarar da ya buga littafin da darakta Steve McQueen ya mayar fim.

Fitowar da ta fi zama a zukatan masu kallo babu magana a cikinta. Wani kafinta da Solomon ya doka ya zo da abokansa sun rataye shi a bishiya, sai mai kula da gona ya kore su, amma bai kwance igiyar ba, don sai mai gona ya dawo. An bar shi igiya a wuya, hannu a ɗaure, yatsun ƙafarsa kaɗai ke taɓa laka. McQueen ya kafa kyamara ya ƙi yankewa. Solomon yana ɗan taka-taka don kada ya zame, maƙogwaronsa na ƙara. A bayansa sauran bayi suka fito ɗaya bayan ɗaya suka kama aikinsu, yara na wasa, matar mai gida ta leƙo daga baranda ta koma. Wata baiwa ta lallaɓo ta ba shi ruwa ta gudu. Mintuna suna tafiya, rana tana sauka. Riƙe mutane haka da jiki kawai, ba kalma ko ɗaya, aikin wanda ya saba tsayawa gaban jama'a ne dare bayan dare.

Fim ɗin ya ci Oscar uku, har da na fim mafi kyau, karo na farko da fim ɗin darakta baƙar fata ya ci wannan. Lupita Nyong'o, wadda ita ma ta fito a fim ɗin, ta ci nata. Ejiofor ya shiga jerin 'yan takara, amma Matthew McConaughey ne ya ɗauka.

Nasarar ta ƙara hura wata muhawara. 'Yan wasa baƙaƙen fata na Birtaniya, irin su Idris Elba da David Oyelowo, a Amurka suka samu manyan rol ɗin da gida bai ba su ba. Ɗan wasa Lenny Henry ya koka da wannan a wata lacca ta BAFTA a 2014, Elba ya kai maganar majalisar dokoki a 2016. A can Amurka kuma Samuel L. Jackson ya yi ƙorafi a 2017 cewa 'yan Birtaniya na karɓe rol ɗin da ya shafi tarihin baƙaƙen Amurka. Ejiofor yana cikin 'yan kaɗan da suka riƙe ɓangarorin biyu. Bayan Oscar, a 2015, ya koma National Theatre ya jagoranci Everyman, wasan farko da Rufus Norris ya shirya bayan ya zama shugaban gidan. Ya kuma karɓi ayyukan manyan kamfanoni: jami'in NASA a The Martian a 2015, Mordo a Doctor Strange a 2016, muryar Scar, bos ɗin The Lion King, a 2019.

Bayan kyamara

Da ya tashi ba da umarni da kansa, Malawi ya nufa. The Boy Who Harnessed the Wind na 2019 labarin William Kamkwamba ne, yaron ƙauyen Wimbe da aka kora daga makaranta saboda kuɗi a lokacin yunwar 2001 zuwa 2002, ya riƙa zuwa laburare, ya harhaɗa injin iska daga tarkacen bola da sassan keke. Ejiofor ya rubuta fim ɗin, ya ba da umarni, ya kuma fito a matsayin uban, Trywell. Ya koyi harshen Chichewa, ya ɗauki fim ɗin a yankin da abin ya faru. Zuciyar labarin rigima ce a kan keke: ɗa yana so a yanka shi don injin, uba kuma yana ganin shi ne kaɗai abin da ya rage wa gidan. Manomin da ya taɓa ganin damina ta yi gardama zai fahimci taurin kan Trywell, kuma fim ɗin bai mayar da shi jahili ba. An ba fim ɗin kyauta a bikin Sundance, Netflix ta saka shi, Birtaniya kuma ta miƙa shi takarar Oscar ta finafinan ƙasashen waje.

Na biyunsa, Rob Peace na 2024, labarin gaskiya ne na wani haziƙin yaro daga New Jersey da ya yi karatun kimiyya a jami'ar Yale, aka harbe shi a 2011 yana ɗan shekara 30. Nan ma Ejiofor ne uban, wanda ke kurkuku, ɗan kuma yana ƙarar da ƙarfinsa wajen neman fito da shi. Mutumin da ya rasa mahaifi yana shekara 11, da aka ba shi damar zaɓar labarin da zai bayar, sau biyu ya zaɓi na uba da ɗa, sau biyu kuma ya tsaya a gurbin uban.

Akwai wani zaɓin da ya yi a finafinan biyu wanda ya fi nuna daga inda ya fito. Da sunansa kaɗai zai iya jan kuɗi ya gina fim a kan kansa. Maimakon haka ya miƙa babban rol ga matasa, Maxwell Simba ɗan Kenya, wanda fim ɗinsa na farko ke nan, da Jay Will, shi kuma ya koma gefe yana tallafa musu. Haka ake yi a dandamalin Landan: babba ya tsaya kusa da sabon shiga a ɗakin bita har ya iya. Yana ci gaba da karɓar ayyukan wasu, kamar malamin kimiyya a fim ɗin Bridget Jones na 2025, amma ayyukan da ya sa wa hannu da kansa sun nuna ya fara biyan bashin horon da aka ba shi.